Yaron Alhaji ya karɓi kaya bashi bayan an kore shi: wa zai biya?

Na Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah malamai da lauyoyin cikinmu a taimaka. Ina sayar da shadda da yadi a kan sari. Akwai wani Alhaji da muka daɗe muna hulɗa, shagunansa suna wani gari, ba ya zuwa da kansa sai jefi-jefi. Yaronsa ne ke zuwa ya zaɓi kaya, in rubuta a littafi da sunan Alhaji, yaron ya sa hannu, in an kwana biyu Alhaji ya turo kuɗi ta banki. Ba a taɓa samun tangarɗa ba. Watan jiya yaron ya zo kamar kullum ya ɗauki kaya na naira miliyan 4 da dubu 200. Da lokacin biya ya wuce na kira Alhaji, sai ya ce wai ai ya kori yaron tun kafin wannan ranar, shi bai aiko kowa ba, in je in nemi wanda na ba kayana. Yaro kuma wayarsa a kashe. Wa zan bi kuɗina?

Mai Shago Sabon Gari:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya Na Kwari, kai ma da sakacinka. Kayan miliyan 4 ka bari su fita ba ka ɗaga waya ka kira mai su ba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ban ga yadda za a ce mutum ya biya kayan da bai aika a karɓo ba, bai gani ba, bai ci ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Haba Malam. Wa yake kiran waya duk zuwa? In ka kira ma wani Alhajin cewa zai yi ba ka yarda da yaronsa ba, ya ɗauke cinikinsa ya kai layin gaba. Da ya kore shi, me ya hana ya tura saƙo guda ɗaya ga mutanen da ya san yaron yana karɓar kaya a wurinsu?

Barista Kaduna:
Wa alaikumus salam. Hajiya ta taɓo inda maganar take. Zan faɗi abin da doka ta tsara, amma a sani kowace shari'a da hujjojinta, ba hukunci nake yankewa a nan ba.

Dokar wakilci da manyan kotunanmu ke aiki da ita mafi yawanta gado ce daga Ingila, hukunce-hukuncen alƙalai ne suka gina ta. Ta raba ikon wakili gida biyu. Akwai ikon da maigida ya ba shi da gaske, ko da baki ko a rubuce ko ta abin da aikin ya ƙunsa. Wannan kam ya mutu ranar da Alhaji ya ce wa yaro ya tattara nasa ya nasa. Sannan akwai ikon zahiri, wato abin da maigida ya nuna wa mutane har suka ɗauka cewa wane wakilinsa ne. Shi wannan ba ya mutuwa da korar da aka yi a ɗaki. Yana nan da ransa a wurin duk wanda ya saba hulɗa da yaron, har sai labari ya iso masa.

Akwai tsohuwar shari'a ta 1857 a Ingila, Summers da Solomon, kamar don kai aka yi ta. Wani mai shagon kayan ado ya ɗora wani matashi ɗan danginsa a kan shagon. Matashin yana karɓo kaya bashi daga wani ɗan sari, mai shago yana biya. Daga baya ya bar aikin, ya je wurin ɗan sarin nan ya karɓi kaya da sunan shagon ya gudu da su. Kotu ta ce mai shago zai biya, domin shi ne ya koya wa ɗan sari yarda da matashin, kuma bai sanar da shi cewa an rabu ba.

Duk lokacin da Alhaji ya turo maka kuɗin kayan da yaro ya ɗauka, magana ce ya yi maka ba da baki ba: wannan nawa ne, ka ba shi.

Mai Shago Sabon Gari:
To Barista, ke nan duk yaron da na taɓa aika ya zama wuƙa a wuyana har abada? Gobe wani ya shiga kasuwa ya ce ni yaron wane ne, a loda masa kaya, a zo a kama ni?

Barista Kaduna:
A'a yallaɓai. Bakin wakili shi kaɗai ba ya ba shi iko. Mutum ba zai naɗa kansa wakilinka da cewa "ni wakilin wane ne" ba. Dole alamar ta fito daga gare ka: ko ka gabatar da shi, ko ka zaunar da shi a kujerar da aka san mai ita yana saye da sayarwa, ko ka riƙa biyan abin da ya ɗauko. Sannan dole wanda ya ba da kayan ya kasance a kan wannan alamar ya dogara, kuma bai san an janye ba, bai kuma ga abin da zai sa mai hankali ya tsaya ya tambaya ba.

Wannan na ƙarshen shi ne inda lauyan Alhaji zai kafa ƙafa. Don haka Na Kwari, amsa min: kuɗin kayan wannan zuwan ya yi daidai da abin da aka saba ɗauka? Irin kayan da suka saba saye ne? Motar da ta saba ɗauka ce ta ɗauka? Akwai wanda ya taɓa yi maka ƙishin-ƙishin cewa sun samu saɓani?

Na Kwari:
Yawanci suna ɗaukar na miliyan 3 zuwa 5, gabanin sallah ma ya fi haka. Kayan irin nasu ne. Abu ɗaya dai, wannan karon ya ce kada a kai tashar da aka saba, shi ya zo da mai a-daidaita-sahu suka kwashe, wai motar garinsu ta riga ta cika. Ban ji komai game da saɓani ba wallahi.

Barista Kaduna:
Adadin yana wajenka. Maganar tasha tana ɗan wajensu, amma ni ban ga ta kai ta rusa maka hujja ba, tunda mota takan cika. Ka killace littafin nan kamar ƙwai. Ka je banki ka fitar da bayanin asusunka na duk tsawon hulɗar, yadda za a jera kowane sa hannun yaro da kuɗin da Alhaji ya turo bayansa. Wannan jerin shi ne shaidarka, ya fi bakin mutum goma.

Almajirin Zaure:
Bismillah. Tunda dukkansu Musulmi ne, kuma maganar tana iya zuwa gaban alƙalin kotun shari'a ko gaban dattawan kasuwa, bari a ji ta wannan ɓangaren. Wakilci halal ne ba saɓani. Matasan kogo a Suratul Kahfi, aya ta 19, ɗayansu suka aika da azurfarsu birni ya sayo abinci. Abin da wakili ya ƙulla cikin iyakar da aka ba shi, wanda ya wakilta shi ne ya ƙulla. Kuma al'ada tana fassara iyakar: abin da aka saba yi tsakanin 'yan kasuwa kamar sharaɗi ne da aka faɗa.

Ita kuwa mas'alar tsige wakili ba tare da labari ya bazu ba, malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kanta, Shehu Halilu, mai littafin Mukhtasar, da kansa ya ambaci saɓanin a babin wakilci. Wasu sun ce tsigewa ta tabbata da zarar mai wakiltarwa ya furta, wasu sun ce sai an sani. Sai dai a lura, yawancin wannan maganar a kan wakilin da shi kansa bai san an tsige shi ba ne. Yaron nan ya sani, don haka shi maha'inci ne, lamunin kaya yana wuyansa ba tantama. Abin da alƙali zai duba shi ne ko Alhaji ya yi sakacin da ya jawo wa ɗan'uwansa cuta. Ni a fahimtata ya yi. Kuma alƙali zai tambaye shi shaidun korar da ranar da aka yi ta, don faɗa da baki bayan kaya sun salwanta ba ta isa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta ƙarshen ita ce ke raina tun ɗazu. Wa ya ce ma an kore shi? Mun sha gani, a haɗa baki da yaro a ce ya gudu, bayan wata shida ka gan shi a wani shagon maigidan.

Mai Kula da Zaure:
Hajiya a yi hattara da zato. Kuma tunatarwa ga kowa: ba sunan mutum, ba lambar waya, ba hoton kowa a nan.

Ɗan Tasha:
Ni dai shawarata gajeriya ce. Ka kai wa 'yan sanda, su ɗauko Alhajin da uban yaron su kwana biyu a can, wallahi kuɗi zai fito.

Barista Kaduna:
Kada ka soma. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Uban yaro bai ci maka komai ba. In ka sa aka tsare Alhaji a kan wannan, shi zai juya ya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai biyan diyya. Yaron ne ya yi laifin da ya shafi hukuma, wato damfara, shi za ka kai ƙara. Kuma ko a ɓangaren kuɗi kana da haƙƙi a kansa kai tsaye, domin duk wanda ya ce yana da ikon wakilci alhali ba shi da shi, doka ta ɗauka ya lamunce maka gaskiyar maganarsa. Matsalar kawai, me yaron shago ya mallaka da zai biya miliyan 4?

Na Kwari:
Jama'a ga sabon labari. Na tura ƙanena garin ya duba. Ya tarar da wasu daga cikin kayana a shagon Alhaji, da lambar da nake sa wa a jikin leda. Da aka yi masa magana sai ya ce wai yaron ne ya aiko da su ta hannun wani don rage bashin da shi Alhajin yake bin sa, kuma har ya sayar da wasu.

Barista Kaduna:
To, magana ta canza. Ko da a ce babu ikon zahiri sam, akwai abin da ake kira amincewa daga baya. Idan wani ya yi ciniki da sunanka ba da izininka ba, ka ji cikakken labari, sannan ka karɓi amfanin cinikin, doka tana ɗauka kamar tun farko kai ka aike shi. Kuma ba a amincewa da rabi: ba zai riƙe kayan da suka iso shi ya yi watsi da bashin da ya biyo su ba. Abin da zai kare kansa da shi shi ne bai san daga inda suka fito ba lokacin da ya karɓa. Shi ya sa yau ɗin nan, ba gobe ba, a rubuta masa takarda a kai masa gaban shaidu: kaya kaza masu lamba kaza nawa ne, da sunanka aka karɓa ranar kaza. Duk yadin da ya yanka bayan takardar nan, da sani ya yanka.

Almajirin Zaure:
A nan fiƙihu da dokar Barista sun haɗu. Malamai suna kiransa cinikin mai shisshigi. A wurin Malikiyya da Hanafiyya yana rataye ne, in mai abu ya amince ya zartu, in ya ƙi ya warware. Hujjarsu hadisin Urwatul Bariƙi da ke cikin Buhari: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Ba a aike shi sayarwa ba, amma da aka yarda ciniki ya zauna. Imam Shafi'i a maganarsa ta ƙarshe ya ce irin wannan cinikin ɓatacce ne. Ko ta wace fuska aka bi, Alhaji ba shi da hanyar riƙe kayan nan kyauta: ko ya amince ya biya, ko ya ƙi ya mayar, ya kuma biya ƙimar abin da ya sayar.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu a nan Nijar abin a rubuce yake cikin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta, har da Chadi da Kamaru. An sabunta ta a 2010. Ta bambanta mutum uku: wanda ke saye da sayarwa da sunansa amma don wani, da dillalin da aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa kawai, da wakilin da ke nema wa kamfani ciniki a kai a kai. Kuma ita ma ta ce in halin maigida ne ya sa baƙo ya yarda da zuciya ɗaya cewa wane yana da iko, maigida ba zai fake da rashin ikon ba. Na faɗa ne don masu aiko mana da yara sayen wake da albasa su sani, tsallaka iyaka ba ya sauke nauyin.

Dillalin Dawanau:
Tunda an ambaci dillalai bari in sa baki. Mu kullum mu ne abin zargi. Manomi ko ɗan kasuwa ya kawo riɗi ya ce in sayar masa a kan kaza. Na yi wahala na samo wanda ya saya sama da haka. Abin da ya hau ai gumina ne. Ina laifi?

Almajirin Zaure:
Ya danganta da abin da kuka yi da shi, Alhaji. In ya ce maka a fili "sayar a kan kaza, abin da ya ƙaru naka ne", an ruwaito Ibn Abbas bai ga laifinsa ba, Imam Ahmad ma ya halatta, ko da yake malamai da yawa sun ƙi shi saboda ba a san adadin ladan ba. Amma in cewa ya yi kawai "kada ka sayar ƙasa da kaza", sai ka sayar sama, ka dawo ka ce masa a kan kazan aka saya, wannan ƙarin nasa ne, kai la'adarka ce haƙƙinka. Wakili amintacce ne. Shi ya sa in kaya suka ƙone ko aka sace a hannunsa ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Wannan rangwamen da aka yi masa, amanar ce farashinsa. Haka kuma ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da sanin mai shi.

Dillalin Dawanau:
Allah ya gafarta Malam, ai kowa ya san ana yi. Mai kayan ma ya sani. Ba kun ce al'ada kamar sharaɗi ba ce?

Almajirin Zaure:
In ya sani, me ya sa ake jan mai saye gefe a yi ciniki cikin raɗa? Gwada faɗa masa ainihin farashin gobe. In ya ce ya yafe, ka ci halal ɗinka.

Barista Kaduna:
A dokar ma haka ne, har ta fi tsanani. Ribar ɓoye ko kamashon da wakili ya karɓa daga ɗaya ɓangaren ba da sanin maigidansa ba, na maigida ne, ko da maigidan bai yi asarar sisi ba. A 2014 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci kan wani kamfani da ya wakilci masu sayen wani babban otal a Monte Carlo. An sayi otal ɗin yuro miliyan 211 da rabi, ashe wakilin ya karɓi yuro miliyan 10 daga masu sayarwa. Kotu ta ce kuɗin nan tun shigarsu hannunsa amanar masu saye ce. Hukuncin bai zama dole a kan kotunan Najeriya ba, amma irinsa suna dubawa, kuma asalin ƙa'idar tsohuwa ce a wurinmu. Ban da haka, wakilin da aka danƙa wa kaya ya karkatar da su ya faɗa cin amana, sashe na 311 da 312 na Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa.

La'adar da mai saye da mai sayarwa kowa ya san ana cire wa a bainar jama'a, wannan ba matsala. Ɓoyewar ce laifin.

Maman Ilham:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, ta ɗan yi kama. Mijina zai sayi fili a hannun wani mutum da ya nuna takardar wakilci daga yayansa da ke zaune a Saudiyya. Har an ba da kafin alƙalami. Sai muka ji yayan ya rasu tun kafin azumi. Mutumin ya ce ba komai, takardarsa tana nan da hatimin lauya. A cika kuɗin?

Barista Kaduna:
Kada a ƙara ko naira, Hajiya. Wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar, tunda ba a wakiltar wanda ba ya nan. Akwai togaciya ga takardar da aka rubuta cewa ba ta warwaruwa kuma aka bayar da ita a kan kuɗi ko don kare wani haƙƙin wakilin, amma wannan sai lauyanku ya karanta ta da idonsa, ba lauyan mai sayarwa ba. Sannan mutane su daina ɗaukar takardar wakilci a matsayin takardar mallaka. Kotun ƙolin Najeriya ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa ita ba ta mayar da mallakar fili ga kowa, izini ne kawai na yin abu a madadin mai shi. Kuma in filin yana da takardar gwamna, sayar da shi yana buƙatar amincewar gwamna, sashe na 22 na dokar filaye ta 1978.

Almajirin Zaure:
Kuma tunda shi wakilin ya san yayansa ya rasu, a mazhabarmu ya sauka, ba saɓani a wannan surar. Fili ya zama na magada tun ranar rasuwar. In akwai marayu ƙanana a ciki abin ya ƙara nauyi, ko baffansu ne ba ya sayar da rabonsu don ya ga dama, sai wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, shi ma sai da dalili.

Maman Ilham:
Akwai yara, babbar ma ba ta gama sakandare ba. To kafin alƙalamin fa? Ya ce ya riga ya kashe a hidimar zaman makoki.

Barista Kaduna:
Yaushe ya karɓa, kafin rasuwar ko bayanta?

Maman Ilham:
Bayanta. Mu ne dai ba mu sani ba a lokacin.

Barista Kaduna:
To shi za ku bi, ba magada ba, don lokacin da ya miƙa hannu ba wakilin kowa ba ne. Abin da ya kashe a makoki tsakaninsa ne da danginsa. In har maigidanki yana son filin, a jira a raba gado a kotu, a san wanda ya faɗo wa, a yi sabon ciniki da shi, a rubuta cewa za a cire abin da aka riga aka bayar in sun yarda. In ba su yarda ba, ku karɓi kuɗinku a hannun ƙanen. Akwai rasit?

Maman Ilham:
Ta waya aka tura masa, alat ɗin yana nan.

Barista Kaduna:
Ya wadatar a fara da shi. A fitar da shi a takarda daga banki, kada a dogara da wayar kaɗai.